Tassa, rabin wata, ɗigo-ɗigo: kalmomin tattalin ruwa a lambu da gona

Da zarar damina ta ɗauke, ruwa ne babbar damuwar mai lambu da mai shuka itace a gida. Rijiya tana ja da baya, kuɗin pampo kuma yana hawa. Malaman gona suna da dabarun rage wannan wahala, sai dai sau da yawa sunayensu da Faransanci ake jin su a rediyo. Ga ma'anarsu.

Tassa, wadda a Burkina Faso ake kira zai, ƙaramin rami ne da ake ginawa da rani a faƙo, faɗinsa santimita 20 zuwa 30. Ana tara ƙasar da aka fitar ta gefen gangare, a zuba takin gargajiya a ciki. Takin yana jawo gara, ita kuma tana huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga. Manoman Illela a jihar Tawa sun yi suna da wannan aiki.

Rabin wata, wato demi-lune, ya fi tassa girma. Ana gina shi bakinsa yana duban inda ruwa ke gangarowa, don ya tare ruwan ya kwanta a gindin hatsi, ciyawa ko itace.

Paillage shi ne rufe ƙasa da kara, ciyawa ko busasshen ganye. Rana ba ta shanye laima da sauri, don haka ana rage yawan ban ruwa. A bar ɗan fili tsakanin karan da jikin shuka saboda gara.

Goutte-à-goutte kuwa shi ne ɗigo-ɗigo: tiyo mai ƙananan huji yana kai ruwa daidai saiwa. Wanda ba shi da kuɗin tiyo yana iya bizne tulun ƙasa kusa da shuka, ya cika shi, ya rufe bakin. Ruwan zai riƙa tsatsowa a hankali.

RNA ita ce sassaben zamani, wanda ya bazu daga jihar Maraɗi tun shekarun 1980. Maimakon a sare duk tohon kututture, sai a zaɓi rassa masu ƙarfi a bar su, a datse sauran.

Saura zaɓen itace. Aduwa, magarya, bagaruwa da kuka suna jure fari idan sun kama, zogale kuma yana ba da ganye da ruwa kaɗan. Gawo yana zubar da ganyensa da damina, shi ya sa ba ya tare wa gero rana.

Ga mai gida a birni, abu mafi sauƙi shi ne ya yi wa itacensa ɗan kwano a gindi, ya rufe da kara, ya ba shi ruwa da sassafe ko da marece, ba da tsakar rana ba.