Abin da Guguwa Ta Bari a Fadamun Luwiziyana

A garin Slidell, tafiyar ƙasa da awa ɗaya a mota daga birnin Niyu Olins na jihar Luwiziyana a Amurka, akwai masu jiragen ruwa da sana'arsu ita ce kai baƙi yawo cikin fadamar Honey Island da ke kan kogin Pearl. Jiragen masu shimfiɗaɗɗen gindi ne, domin a wasu lungunan ruwan bai kai gwiwa ba. Yawancin baƙin kada suke zuwa gani, direbobin kuma sun san da haka, shi ya sa wasunsu ke jefa wa kadojin farar alewa mai laushi don su taso kusa a ɗauke su hoto. Amma ba a yin nisa sai an ci karo da wani ƙaton itace kwance a gefen ruwa, saiwoyinsa sun tashi sama da dunƙulen laka, gansakuka ta lulluɓe jikinsa. Idan aka tambayi direba abin da ya kayar da shi, sunan da ya fi fitowa daga bakinsa shi ne Katirina.

Bai yi ƙarya ba. Kusa da bakin wannan kogin ne tsakiyar guguwar Katirina ta sake hawa tudu da safiyar 29 ga Agustan 2005. A gaɓar jihar Misisipi da ke maƙwabtaka, ruwan teku ya tashi sama da mita takwas, kuma kashi 80 cikin ɗari na Niyu Olins ya nutse. Wani bincike da aka buga a 2007, wanda Jeffrey Chambers na Jami'ar Tulane ya jagoranta, ya ƙiyasta cewa manyan itatuwa kusan miliyan 320 ne suka mutu ko suka ji mummunan rauni. Dazukan kogin Pearl na cikin waɗanda suka fi shan kashi.

Sai dai iskar ta yi zaɓe. Itatuwan da suka zube galibi na ɗan tudu ne, irin su ok, waɗanda saiwarsu ba ta nutsa da zurfi saboda ruwa na kusa da saman ƙasa. Saifires da tufelo, waɗanda ke tsaye cikin ruwan kansa, yawancinsu ko gezau. Duk wanda jirgi ya ratsa da shi kusa da saifires zai ga dalili: gindinsa buɗaɗɗe ne, ya yi faɗi ƙwarai a ƙasa sannan ya tsuke yana hawa, saiwoyinsa sun sarƙe da na maƙwabtansa a cikin taɓo, ga kuma wasu ƙahonnin itace da ke ɓullowa daga saiwar suna leƙo kan ruwa kewaye da shi. Iska takan karya masa reshe ko ta fille masa kai, amma da wuya ta tumɓuke shi. Gurbin da itatuwan tudu suka bari kuwa bai daɗe a buɗe ba. Rana ta samu shiga, tsirrai suka taso, sai dai wanda ya fi saurin cin filin wani baƙon itace ne ɗan asalin ƙasar Sin da ake kira talo, mai girma da wuri, mai hana na gida sakat. Dajin ya koma kore shar, amma ba dajin da aka sani ba ne.

Wannan ɓarnar iska ce, kuma duk muninta tana warkewa. Wadda ba ta warkewa sai an nufi wajen teku ake ganinta. A bayan unguwar Lower Ninth Ward ta Niyu Olins akwai wani fili na ruwa a gefen rafin Bienvenue, inda kututturan saifires furfura-furfura ke tsaye babu ɓawo babu ganye. (A yi hattara da lokacin sanyi: saifires mai rai ma yakan zubar da ganyensa kaf. Ana gane matacce da rashin ƙananan rassa da kuma saɓulewar ɓawo.) Baƙo yana ganinsu sai ya ɗora wa Katirina laifi, alhali kafin ta zo sun daɗe da mutuwa. Abin da ya kashe su hanyar jiragen ruwa ce mai tsawon kilomita 120 da ɗoriya, wadda injiniyoyin sojan Amurka suka haƙa suka kammala a shekarun 1960 don gajarta tafiya daga Tekun Meziko zuwa tashar birnin. Jiragen da aka yi tsammani ba su zo da yawa ba, amma ruwan gishiri ya zo. Ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, saifires kuwa ɗan giram kaɗan ya ishe shi wahala idan ya daɗe a ciki, domin gishirin na hana saiwa jan ruwa, itacen ya bushe yana tsaye a tsakiyar ruwa. Da Katirina ta zo, dajin da zai rage wa igiyar ruwa ƙarfi ba ya nan. A 2009 aka toshe hanyar da duwatsu.

Guguwa ma takan turo ruwan gishiri cikin fadama, kuma illarsa ta danganta ne da yadda ya samu mafita. Idan ya janye cikin 'yan kwanaki, ruwan sama ya wanke ƙasa, manyan itatuwa sukan farfaɗo. Idan ya maƙale bayan titi ko jinga ya yi makonni, ko fari ya biyo baya, mutuwar takan zo a hankali, shekara biyu ko uku ana ganin ganye na raguwa.

To me ya hana sababbi maye gurbinsu? A nan ne asalin matsalar take. Irin saifires ba ya tsira a ƙarƙashin ruwa, yana buƙatar danshin ƙasar da ruwa ya janye daga kanta, kuma ɗan tsiron na buƙatar ya yi tsawon da zai fi ƙarfin ambaliya ta gaba. A da can fadamar na samun haka. Kogin Misisipi yakan cika ya malala, ya zuba sabuwar laka, ƙasa ta ƙara tudu. Bayan babbar ambaliyar 1927 aka ɗaure kogin da dogayen jinga hagu da dama don kare garuruwa da gonaki, lakar ta koma zubewa can cikin zurfin teku. Ƙasar yankin kuwa laka ce da ke ci gaba da danƙarewa tana lotsawa, teku na ƙara hawa, kamfanonin mai da iskar gas sun tsaga dausayin da dubban kilomitoci na hanyoyin ruwa. Fadamu da yawa yanzu ba sa ƙafewa ko a tsakiyar rani. Itatuwan da ake gani ma ba na asali ba ne, domin daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa shekarun 1920 masu katako sun sare kusan dukkan tsofaffin. Waɗanda suka tsiro bayansu ne ke tsaye, kuma a wurare da dama babu na bayansu. Inda aka yi dashe da hannu, sai an sa wa kowane tsiro rigar roba saboda nutiriya, wata dabbar ruwa mai siffar gafiya da aka shigo da ita daga Kudancin Amurka don fatarta. Ɓarnarta ta kai jihar Luwiziyana na biyan mafarauta dala shida kan kowace wutsiya.

Kudu da Niyu Olins, wajen ƙauyen Lafitte, wani abin ne daban. Can akwai dausayin da ciyawarsa ba ta kama ƙasa ba, saiwoyinta sun saƙu suna yawo a kan ruwa, har mutum na iya takawa ya ji yana lilo. Guguwar Aida, wadda ta sauka a Port Fourchon ran 29 ga Agustan 2021 da iska mai gudun kilomita 240 a awa, ta yayyage shi ta naɗe kamar tabarma, ta jibge lakar cikin gidajen mutane. Inda aka yage ya zama tafki, kuma tafki ba ya komawa dausayi da kansa, sai ma igiyar ruwa ta riƙa cin gefensa. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta auna cewa Katirina da Rita, wadda ta biyo ta bayan wata guda, sun mayar da fiye da murabba'in kilomita 500 ruwa. Adadin na da girma, amma jihar ta yi asarar kusan murabba'in kilomita 5,200 tsakanin 1932 da 2016, yawanci ba tare da wata iska ta kaɗa ba.

A ganina, direbobin jiragen da ke tsayawa kan labarin guguwa kaɗai suna tauye wa baƙinsu gaskiya, ko da yake ba na ganin baikensu sosai: labarin dare ɗaya ya fi na shekara ɗari daɗin faɗa a cikin jirgi.

Maganin da masana suka fi nunawa shi ne a huda jingar a bar kogi ya sake shiga fadama, amma wannan ma da rigima. Babban aikin Mid-Barataria, na kusan dala biliyan uku daga diyyar malalar man kamfanin BP ta 2010, an fara shi a 2023, gwamnatin jihar ta soke shi a 2025, bayan ƙorafin tsada da na masuntan jatan lande da kawa da ke tsoron ruwan daɗi zai kashe musu sana'a. Wani ƙaramin aikin da zai kai ruwan Misisipi cikin fadamar Maurepas, don ceto dajin saifires na kimanin eka 45,000, an aza harsashinsa a ƙarshen 2024.