Don Me Hoton Dare Yake Fita Dishi-dishi?

In kaka ta yi a ƙasar Dawakin Tofa, an kai gero da dawa kasuwar Dawanau, kuɗi sun shigo hannu, sai bukukuwa su kankama. Galibi sai rana ta faɗi ake kai amarya. Mu ma a majami'unmu, sujadar shiga sabuwar shekara cikin dare muke yinta. Kowa ya zaro wayarsa ya yi ta ɗaukar hoto. Gari na wayewa a duba, sai a tarar fuskar amarya ta yi dishi-dishi, tsohuwar da ta zo daga nesa ma ba a gane ta. Irin wannan dare kuwa ba ya dawowa.

To, mene ne dalili? Tun 1977, da kamfanin Konica na Japan ya kawo kyamara mai saita kanta kasuwa, yawancin irin waɗannan na'urori da haske suke aiki. Kyamara takan nemi inda fari ya haɗu da baƙi, kamar bakin hula ko zanen atamfa, ta matsa gilashinta gaba da baya har layin ya fito tas. In duhu ya yi, ba ta ganin layin, sai ta yi ta lalube.

Dalili na biyu shi ne motsi. Da rana idon kyamara yakan buɗe ya rufe tun kafin ƙiftawar ido. Da dare kuwa sai ya daɗe a buɗe yana tara haske. Tsarin hoton dare da Google ya fito da shi a 2018, wanda irinsa ya iso wayoyin Tecno da Infinix, yakan ɗauki 'yan daƙiƙoƙi. Hannu ya girgiza kaɗan, hoto ya lalace.

Ga dabara, 'yan'uwa. Da fari mu goge gilashin da ƙyalle mai laushi, don ƙurar hunturu. Sa'an nan mu tsai da mutanen suna fuskantar fitila, kada ta zama a bayansu. Wani ya haska fuskarsu da tocila, mu dangwala yatsa a kan fuskar da ke cikin waya, mu danne har saitin ya tsaya. Mu jingina da bango, ko mu ɗora wayar a kan turmi ko benci. Kada mu jawo hoto da yatsu, gara mu matsa kusa, domin filashin waya ba ya kai nesa. Mu roƙi jama'a su tsaya cik, mu ɗauka sau uku, mu duba nan take tun ba a watse ba.

Jikokinmu za su so ganin fuskokin nan wata rana. Allah ya kai mu lafiya.