Albasa da Danginta: Shawarar Masu Lambu Kamar Yadda Harshen Hausa Ya Adana Ta

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani ne a kan shawarwarin da masu lambu a ƙasar Hausa suke ba juna game da albasa da danginta masu fure, da kuma ƙwarin da suke addabar kayan lambu. Manufarta ita ce ta nuna cewa kaso mai yawa na wannan ilimi a cikin sunaye da karin magana yake ajiye, kuma yana da dalilan da za a iya bayyanawa. An kuma nuna inda ilimin ya gaza, musamman a gaban baƙon ƙwaron da ya cinye tumatir a shekarar 2016, da abin da hakan yake nufi ga masu nazarin Hausa.

1.0 Gabatarwa

Lambu shi ne wurin da ake noman rani ta hanyar ban ruwa, ko a fadama, ko a bakin kogi, ko a gefen rijiya. A wasu kare-karen harshe, musamman na yamma da na Nijar, garka ake cewa. Akan yanka ƙasar gida-gida, a kira kowane gida fangali ko kwami, a da a ɗebo ruwa da jigo, a yau kuma da inji. Akwai kuma ɗan lambun cikin gida, inda mata suke shuka alayyafo da yakuwa da kuɓewa a bayan ɗaki, ko a tsohon kwano, ko a buhun da aka cika da ƙasa.

Mai lambu ba a littafi yake koyon sana'arsa ba. Daga bakin uba da maƙwabci yake jin ta, a cikin gajerun kalmomi masu sauƙin riƙewa. Su kansu sunayen kayan lambu tarihi ne: albasa daga Larabci ta zo, wato al-basal, su kuwa tumatir da karas da kabeji da latas daga Ingilishi. An zaɓi albasa ta zama ginshiƙin wannan bayani saboda ta daɗe a hannun Bahaushe har ta zama ma'aunin da yake auna wasu tsirrai da shi.

2.0 Albasa a Matsayin Sunan Dangi

Tsiron da yake tara abinci da ruwa a wani dunƙule a ƙarƙashin ƙasa, ya kwanta da rani, ya farka da saukar ruwa, Bahaushe yakan ce yana da albasa ko yana da kai. Ke nan sunan abin miya ɗaya ya faɗaɗa ya zama sunan siffa. Likitan nan ɗan Sukotland, J. M. Dalziel, ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a littafinsa na 1916, kuma a cikinsu akwai albasar kwaɗi da albasar kura.

Albasar kwaɗi ita ce masana tsirrai suke sanyawa a dangin Crinum. Tana fitowa a fadama da wuraren da ruwa yake kwanciya, ta yi manyan furanni farare masu ratsin ja a farkon damina. Albasar kura kuwa tana cikin dangin da a da ake kira Urginea, a yanzu Drimia. Akwai kuma baurairai, wato Gloriosa superba, mai yaɗo da fure ja da rawaya, wadda ake yi wa laƙabi da gatarin kurege saboda lanƙwasar saiwarta. Ita ce furen da ƙasar Zimbabuwe ta ɗauka a matsayin tambarinta.

Abin lura a nan shi ne jingina tsiro ga dabba. Idan Bahaushe ya ce abu na kura ne ko na kwaɗi, sau da yawa yana nufin ya yi kama da na mutane amma ba na ci ba ne. Haka gautan kura yake idan aka kwatanta shi da gautan da ake ci. Kimiyya ta gaskata wannan gargaɗi: albasar kura tana ɗauke da sinadarin da yake taɓa bugun zuciya, har ma an daɗe ana yin maganin ɓera da wata 'yar'uwarta ta bakin Bahar Rum, saiwar baurairai kuma tana da dafin da yake kisa. Don haka uwar da ta ce wa ɗanta wannan albasar kura ce, ta ba shi darasi cikakke a kalmomi biyu. Wanda yake son shuka waɗannan furanni don ado a gida, shawara ita ce ya nisanta su daga fangalin abinci da wurin wasan yara da turken awaki.

A nan ne ake ganin bambanci da shawarar da ake kwasowa daga littattafan Turai. Furen tulif, wanda ƙasar Holan ta shahara da shi, sai albasarsa ta shafe makonni goma sha biyu ko fiye a cikin sanyi mai tsanani kafin ta yi fure. Hunturun Kano bai kai haka ba. Su kuwa furannin fadama ruwa ne yake tashe su, ba sanyi ba. Abin da suke bukata shi ne a bar su su huta a busasshiyar ƙasa da rani, kada kuma a yanke ganyen bayan fure sai ya bushe da kansa, domin da shi albasar take tara abincin baɗi.

3.0 Dalilan Shawarwarin Noman Albasa

Galmi a jihar Tawa ta Nijar da Aliero a jihar Kebbi suna cikin garuruwan da albasa ta ɗaukaka sunansu. A irin waɗannan wurare akan yafa iri bayan damina ta ja baya, a yi dashe bayan kamar kwana 40 zuwa 50, a cire albasa a lokacin zafi. Shawarwari huɗu ne ake yawan ji.

Ta farko, a nemi irin gida. Dalili shi ne albasa ba ta fara yin kai sai tsawon yini ya kai abin da irinta yake bukata. A ƙasar Hausa yini bai cika nisa da awa 12 ba duk shekara, irin da aka saba da shi kuma da haka yake yin kai. Irin arewacin Turai yana jiran yinin awa 14 ko fiye, saboda haka sai ya yi ta ba da lawashi ba tare da kai ba.

Ta biyu, kada a ɗebi iri daga albasar da ta yi gaggawar fure. Albasa tsiro ce mai zango biyu: a zangon farko ta yi kai, a na biyu, idan aka sake binne kan, ta fitar da sanda ta yi fure da 'ya'ya. Sanyin hunturu yakan sa wasu su yi fure tun a zangon farko, kuma irin waɗannan ba sa ajiyuwa. Wanda ya ɗebi iri a jikinsu don sauƙi, halin da ba ya so ne yake yaɗawa. Gwanaye sukan ware kawuna masu kyau su ajiye, su yanke samansu, su dasa su don iri kawai.

Ta uku, a rage takin zamani idan kai ya fara girma. Yawan yuriya yana sa wuya ya yi kauri, wuya mai kauri kuma ba ya rufewa, ta nan ruɓa take shiga. Ta huɗu, a yanke ban ruwa kamar mako biyu kafin cira, idan lawashi ya fara kwanciya, sannan a shanya a inuwa kafin a kai rudu, wato rumfar ajiyar da manoman Nijar suke yi da kara da ciyawa. Karin maganar nan ta albasa ba ta yi halin ruwa ba akan faɗe ta ne ga ɗan da bai gaji iyayensa ba, amma asalinta lura ce ta mai lambu: ruwa ne ya raine ta, sai ga ta da yaji, kuma ruwan ne yake ruɓar da ita a ƙarshe idan ba a raba su ba.

4.0 Ƙwari da Maganinsu

Bahaushe yana da sunaye ga abokan gabar da ya daɗe da sani: fara da babe masu cin ganye, gara da gwazarma masu cin saiwa, gyare mai datse dashe da dare, da darɓa mai sa ganye ya yi danƙo. Akwai kuma ƙananan ƙwarin da suke ɓuya a tsakanin lawashi su tsotse shi har ya yi fari-fari, waɗanda masana suke kira Thrips tabaci, sun kuma fi yawa idan zafi ya shigo. Wannan ne ya sa wanda ya makara wajen dashe ya fi shan wahalarsu.

Magungunan gida sun haɗa da barbaɗa toka da sassafe tun da raɓa, da tsince tsutsa da hannu, da ruwan barkono da tafarnuwa da ɗan sabulu, da ƙin maimaita shuka iri ɗaya a fangali ɗaya. Tumatir da gauta da tattasai da attarugu 'yan gida ɗaya ne, ƙwarinsu da cututtukansu kusan ɗaya, don haka canza ɗaya da ɗaya ba canji ba ne. Sai a sa albasa ko masara a tsakani.

Mafi shahara shi ne dogon yaro, ko darbejiya, ko bedi. Shi ma baƙo ne daga yankin Indiya, a zamanin mulkin mallaka aka yaɗa shi. A shekarar 1959 masanin ƙwari Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura a Sudan cewa fara ta cinye sauran itatuwa ta bar shi, a 1968 kuma aka ware sinadarin da yake hana ƙwari ci da girma. Akan daka kamar rabin kilo na 'ya'yansa, a jiƙa a lita 10 ta ruwa ya kwana, a tace a fesa. Shawarar a yi feshi da yamma tana da dalili: hasken rana yana kashe ƙarfin sinadarin. Ba ya kuma kashe ƙwaro nan take, shi ya sa mai gaggawa yake cewa ba ya aiki.

5.0 Baƙon da Ba a San Halinsa Ba

Tuta absoluta wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne na dare daga Kudancin Amurka. An gan shi a Sifen a 2006, daga nan ya bazu zuwa Afirka. A 2016 ya yi wa gonakin tumatir na Kano da Kaduna da Jigawa da Katsina mummunar ɓarna, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a watan Mayu. Manoma suka raɗa masa suna sharon, 'yan jarida kuma suka ce Ebolar tumatir.

Tsutsarsa tana shiga tsakanin fatun ganye biyu ta yi rami, ta kuma huda 'ya'ya, don haka toka da feshin da yake tsayawa a bayan ganye ba sa isa gare ta. Cikin kusan wata ɗaya takan kammala rayuwarta ta haifar da wata. Manoma da yawa sun ninka maganin kanti, abin da yake kashe ƙwarin da suke cin ta, ita kuma ta saba da maganin. Abin da ya fi taimako shi ne tarkon ƙamshin da yake jawo mazan, da ƙone ragowar shuka, da tsaftace wurin rainon iri, da canza nau'in magani.

Idan aka kwatanta sunan sharon da albasar kura za a ga abin da ya ɓace. Na biyun yana gaya wa mai ji abin da zai yi, na farkon kuwa lamba ce kawai. Haka ma fiya-fiya, wanda wasu suke kiran kusan kowane maganin ƙwari da shi, ba ya bambanta na sauro da na kayan miya, ba ya kuma faɗin kwana nawa za a jira kafin a ci abin da aka fesa. Rubutun da yake jikin kwalba da Ingilishi ko Faransanci yake zuwa.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa shawarar mai lambu tana da tushe, kuma harshe ne rumbunta. Ta kuma nuna cewa sababbin ƙwari da magunguna suna shigowa da saurin da ya fi na raɗa musu sunaye masu ma'ana. Aiki biyu ne a gaban masu nazarin Hausa. Na farko, tattara kalmomin lambu daga kare-karen harshe daban-daban, a gwada su da abin da Dalziel da ƙamusun Bargery na 1934 suka rubuta, a ga wanda ya rage da wanda ya sauya. Na biyu, haɗa hannu da malaman gona wajen samar da sunaye da umarnin amfani da magani cikin Hausar da matar da take ban ruwa a bayan ɗakinta za ta ji sau ɗaya ta riƙe.