Dala Ɗaya, Farashi Biyu: Babban Banki Da 'Yan Canji

A Wapa da ke Fagge cikin Kano, inda 'yan canji suka daɗe suna musayar kuɗi, abin da aka fi kasa wa kunne shi ne tazarar da ke tsakanin farashin Dala na Babban Bankin Nijeriya da na kasuwar bayan fage. A cikin wannan tazara ribar take, kuma matakan Babban Banki ne ke faɗaɗa ta ko su tsuke ta.

Kafin 1986 hukuma ce ke yanke wa Naira daraja. A 1980 Dala ɗaya ba ta kai kwabo 60 ba, amma ɗan kasuwa ba ya samun ta a haka sai yana da lasin shigo da kaya. Da kuɗin man fetur ya ja baya, sai lasin ya zama haja mai zaman kanta: mai uwa a gindin murhu ya karɓa, ya sayar wa wanda ke da ainihin bukata. Wanda bai samu ba, da maniyyacin da guzurinsa na banki bai ishe shi ba, sai su nufi 'yan canji.

A watan Satumba na 1986, Gwamnatin Mulkin Soja ta Janar Ibrahim Babangida ta soke lasin, Babban Banki kuma, ƙarƙashin Alhaji Abdulkadir Ahmed, ya fara yi wa bankuna gwanjon kuɗaɗen waje mako-mako. A gwanjon farko Dala ta haura Naira 4. Tazarar ta tsuke, amma ma'aikacin gwamnati ya ga albashinsa ya ƙanƙance a gaban magani da littattafai da kayan gyaran mota, waɗanda daga waje ake shigo da su. A 1989 aka fara bai wa 'yan canji lasin yin sana'arsu a fili.

Zamanin Janar Sani Abacha aka koma gidan jiya. An ɗaure farashin hukuma a kan Naira 22, alhali a kasuwa Dala ta wuce Naira 80. Duk wanda aka ba Dala a farashin hukuma, ya juya ya sayar a kasuwa, ya ninka kuɗinsa kusan sau huɗu ba tare da ya shigo da ko allura ba, kuma daga asusun ƙasa wannan garaɓasa ke fita.

A watan Yuni na 2023 Babban Banki ya sake haɗe farashin wuri guda. Cikin 'yan kwanaki Dala ta tashi daga wajen Naira 460 ta wuce 700 a bankuna, a farkon 2024 kuwa ta haura 1,500. Iyayen da ke biyan kuɗin makaranta a ƙasashen waje suna cikin waɗanda suka fara ji a jikinsu.