Tutoriyal, WhatsApp da ChatGPT: Me ya sa ɗaliban lissafi da kimiyya ke neman agaji a wajen aji?

Idan jarrabawa ta ƙarato a manyan jami'o'in gwamnati, daga Zariya zuwa Kano, daga Sakkwato zuwa Maiduguri, akwai wani aji da ba ya cikin jadawalin kowace tsangaya, amma yakan cika ya batse. Bayan sallar isha'i ake zamansa, wani lokaci da hasken fitilar waya. Mai koyarwa a cikinsa ɗalibi ne da ke aji uku ko huɗu, wanda ya ci kwas ɗin da maki mai kyau shekaru biyu da suka wuce. Masu sauraro kuwa 'yan aji ɗaya ne da suka halarci lacca tun farkon zango, suka cika littattafansu da rubutu, amma idan aka ɗora musu tambaya ɗaya sai su rasa ta inda za su ɓullo mata. Wannan zama shi ɗalibai ke kira tutoriyal.

Wanda bai samu wuri a can ba yakan ɗauki hoton jingar da aka ba su ya jefa a zauren WhatsApp na 'yan ajinsu, ko ya miƙa wa ChatGPT, ko ya biya wani ya yi masa. Malamai da yawa na kallon lamarin a matsayin lalaci. Akwai malalata, babu musu. Amma idan ɗaruruwan matasa na hana idonsu barci don su saurari ɗan'uwansu ɗalibi, lalaci bai isa ya bayyana abin da ke faruwa ba.

Inda giɓin ya faro

Shiga kwas ɗin kimiyya a jami'a na buƙatar kiredit a lissafi daga WAEC ko NECO, da kuma maki mai kyau a JAMB. Sai dai lissafin da kowa ke yi a sakandare na gama-gari ne. Akwai zurfafan lissafi, wanda darasi ne na zaɓi, kuma makarantun gwamnati da dama ba su da malamin da zai koyar da shi. Ita kuwa jarrabawar JAMB ta zaɓen amsa ce daga cikin huɗu, don haka ɗalibi na iya ƙwarewa wajen canko amsar da ta dace ba tare da ya taɓa rubuta hujja layi-layi ba.

Da ya shiga jami'a sai ya tarar da MTH 101 da MTH 102, da PHY 101 da CHM 101. Waɗannan kwasa-kwasai ba na sashe ɗaya ba ne. 'Yan kimiyya da injiniyanci da aikin gona da ilimin kwamfuta da masu shirin karatun malanta duk sukan haɗu a kansu, shi ya sa ajujuwan suke zama kamar taron gangami. A nan ne ɗalibi ke karo da kalkulas, wato lissafin yadda abubuwa ke sauyawa. Asalin tunanin ba mai tsanani ba ne. Motar da ta yi tafiyar kilomita 150 cikin awa biyu, matsakaicin gudunta kilomita 75 ne a awa, wannan ɗan firamare ma zai iya fitar da shi. Tambayar kalkulas ita ce: nawa ne gudun motar a daidai ƙiftawar idon da ta wuce wata gada? Amsa ta na buƙatar a riƙa ƙanƙanta tazarar lokaci har ta kusa zama babu, a ga inda lissafin ya dosa.

Abin da ke kayar da yawancin ɗalibai ba wannan sabon tunani ba ne, tsofaffin raunuka ne na aljabara. Akwai wanda tun yana aji uku na ƙaramar sakandare ya ɗauka cewa (a + b)² daidai yake da a² + b². Da za a sa 3 da 4 a gurbin haruffan, ɓangare ɗaya zai ba da 49, ɗayan ya ba da 25. Kuskure ne da za a iya gyara shi cikin minti biyu, amma sai wani ya zauna ya duba takardar ɗalibin, ya sa yatsa a kan layin da ya karkace. Idan ba a samu mai dubawa ba, kuskuren zai bi shi cikin kalkulas, ya bi shi cikin fiziks, ya kuma jira shi a aji biyu. Lissafi gini ne, tubalin da ya karkace a ƙasa ba ya miƙewa a sama.

Awar da ta ɓace

Tsarin jami'a ya san da wannan. A ƙa'idojin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ana auna kwas da yunit, kuma yunit ɗaya na nufin awa ɗaya ta lacca ko tutoriyal a kowane mako har tsawon mako 15, ko awa uku a ɗakin gwaje-gwaje. Ke nan tutoriyal ba alfarma ba ce, yana cikin abin da aka tsara wa ɗalibi: ƙaramin rukuni, malami ɗaya, a warware tambayoyi tare. Hukumar ta kuma ƙayyade malami ɗaya ga ɗalibai 20 a fannin kimiyya, da malami ɗaya ga 15 a injiniyanci.

A ƙaddara malami ɗaya ne ke riƙe da aji mai ɗalibai 1,000, ya ba da jinga, ya kuma ware minti biyar kacal ga kowace takarda. Minti 5,000 ke nan, sama da awa 83, wato fiye da cikakken aikin mako biyu ba lacca, ba bincike, ba komai. Wannan na jinga ɗaya ne. Don haka abin da ya fi faruwa shi ne a karɓi takardu, a sa alamar cewa an kawo, maki ya fito, takardar kuwa ba ta dawowa hannun mai ita. Ɗalibin da ba ya ganin inda ya yi kuskure ba shi da dalilin ɗaukar jinga a matsayin hanyar koyo. Ta zama haraji kawai da ake biya don a samu maki.

Gwamnati ba ta jahilci halin da ake ciki ba. A 2012 kwamitin da ta kafa ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu, wanda daga baya ya shugabanci INEC, ya zagaya jami'o'in gwamnati ya ƙidaya malamai 37,504, kuma kashi 43 cikin ɗari ne kawai daga cikinsu ke da digirin digirgir. Rahoton ya yi maganar ɗakunan gwaje-gwaje da ake amfani da risho a madadin murhun gas na kimiyya, da kuma gwajin da ake yi da baki da alli saboda babu kayan aiki. Bayan yajin aikin 2013, gwamnati ta yi alkawarin zuba naira tiriliyan 1.3 cikin shekara shida don farfaɗo da jami'o'i. Kason farko na biliyan 200 ya fito, sauran kuwa ya zama abin da ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ke jan kunne a kansa a kowace taƙaddama.

Yajin aikin ma yana da nasa tasirin a kan allo. An rufe jami'o'in tarayya na tsawon wata tara a 2020, sannan daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022. Duk lokacin da aka dawo, sai a matse zangon karatu don a cimma kalanda. Lacca ba ta yankuwa saboda daga ita ake fitar da tambayoyin jarrabawa, don haka awar warware tambayoyi ce ke fara tafiya.

Waɗanda suka cike gurbin

Gurbin da jami'a ta bari bai zauna fayau ba. Ƙungiyoyin ɗalibai na sassa, da ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN, da ƙungiyoyin ɗalibai Kirista, da na 'yan jiha ko ƙaramar hukuma ɗaya, sun daɗe suna shirya tutoriyal kyauta. Yana da wata fa'ida da lacca ba ta da ita: mai koyarwar bai manta inda shi ma ya sha wuya ba, kuma yakan juya harshe zuwa Hausa idan ya ga Turanci ya tsaya wa mutane a wuya. Ɗalibin da ba zai iya ɗaga hannu a gaban farfesa da mutum dubu ba, a nan sai ya ce, "Yaya, a maimaita layi na uku." Illarsa ita ce babu mai tantance abin da ake koyarwa. Idan babban ɗalibi ya fahimci abu a baibai, haka zai raba shi ga mutum ɗari.

Daga nan sai na kuɗi: tutoriyal da ake biya, da kwafe-kwafen tambayoyin shekarun baya da ake sayarwa a shagunan hoto, wasu da amsoshin da ba a san wanda ya rubuta su ba. Can ƙarshen layin akwai masu karɓar kwangilar rubuta jinga da rahoton ɗakin gwaji, har ma da kundin kammala digiri. Rahoton gwaji ya fi sauƙin sayarwa, domin idan mutum ashirin suka kewaye na'ura ɗaya, biyu ne za su taɓa ta, sauran kuwa alƙaluma kawai za su kwafa.

Tun daga ƙarshen 2022, lokacin da ChatGPT ya fito, lamarin ya sake salo. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira na iya warware tambaya mataki-mataki, su sake bayani sau goma ba gajiya ba tsawa, abin da ɗalibin Najeriya bai saba samu ba. Ana kuma samun darussan Khan Academy da laccocin jami'ar MIT ta Amurka kyauta a intanet. Amma na'urar takan yi kuskure da irin muryar da take faɗin gaskiya, kuma wanda bai iya ba shi ne ba zai gane ba. Gwanin lissafi idan ya yi amfani da ita yana samun mataimaki. Wanda bai da tushe kuwa yana samun takarda mai tsafta ne kawai.

Tsakanin taimako da kwafe

Layin da ke tsakanin biyun ba shi da wuyar ganewa. Wanda ya gwada tambaya ya kasa, ya nuna aikinsa aka nuna masa inda ya kuskure, sannan ya rufe littafi ya sake yi da kansa, an taimake shi. Wanda ya karɓi amsa ya sa sunansa ya sayi maki ne, kuma cinikin ba shi da riba: jinga da gwajin tsakiyar zango duka kashi 30 zuwa 40 ne na makin kwas, sauran 60 zuwa 70 na zauren jarrabawa ne, inda babu waya babu yaya. Daga nan ake ɗaukar kariyoba, kwas ya bi ɗalibi zuwa shekara ta gaba, wani lokaci ya hana shi rajistar kwas ɗin da aka gina a kansa.

Abin lura shi ne lissafi da kimiyya na da hanyoyin bincikar kansu, waɗanda ba sa buƙatar malami ko data. Idan an warware lissafi aka samu darajar x, ana mayar da ita cikin tambayar a ga ko ɓangarorin biyu sun daidaita. A fiziks, amsar da aka nemi gudu ta fito da ma'aunin kilogiram ta tona asirin kanta. Waɗannan ɗabi'u su ne ainihin abin da tutoriyal na gaskiya ke dasawa, kuma su ne ba a samu a zauren WhatsApp da ake tura amsa tsirararta.

Haka nan taimakon bai rabu daidai ba. Tutoriyal na dare na masu kwana a cikin makaranta ne. Ɗaliba da ke zuwa daga cikin gari, ko matar aure, ko saurayin da ke tsaron shago da yamma don ya haɗa kuɗin rajista, ba su da rabo a ciki. Karatu ta waya kuma yana cin data da caji. A Afrilun 2024 aka ninka kuɗin wutar rukunin Band A fiye da sau uku, abin da ya sa jami'o'i da dama taƙaita ba da wuta, sannan a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data.

Inda siyasa ta shigo

Warware tambaya tare da ɗalibi aiki ne na mutum, kuma mutum albashi yake ci. Asusun TETFund na gina ɗakunan lacca da na gwaji, yana tura malamai ƙaro karatu, amma ba ya biyan albashi. Shi ya sa ake iya ganin sabon gini mai ɗaukar mutum dubu ba tare da an ƙara ko mutum ɗaya da zai duba takardun mutum dubun ba. Gini na da ranar buɗewa da yanka kyalle, ɗaukar mataimakan malamai ashirin kuwa ba ya shiga allon kamfen. A shekarun da albashin jami'o'i ke ƙarƙashin tsarin IPPIS, shugabannin jami'o'i sun yi ta kukan cewa ba sa iya maye gurbin malaman da suka yi ritaya ko suka tsallaka ƙasashen waje sai da izini daga Abuja. Sai a Disambar 2023 Majalisar Zartarwa ta amince a fitar da su daga tsarin. Duk da haka an ci gaba da kafa sabbin jami'o'i, har zuwa Agustan 2025 da gwamnati da kanta ta dakatar da kafa sabbin manyan makarantun tarayya na tsawon shekara bakwai.

Kason ilimi a kasafin kuɗin tarayya ya daɗe ƙasa da kashi 10 cikin ɗari, alhali ma'aunin da ƙasashen duniya suka amince da shi a taron Incheon na 2015 shi ne kashi 15 zuwa 20 na abin da gwamnati ke kashewa. Amma ba komai ne ke jiran kasafi ba. Sanya awar tutoriyal a jadawali da rana, da biyan ɗaliban digiri na biyu da na uku ɗan alawus su riƙe ƙananan rukunoni kamar yadda ake yi a ƙasashe da yawa, da tilasta mayar wa ɗalibi takardarsa bayan an duba, duk hukunci ne da majalisar malamai ta kowace jami'a ke iya yankewa. Ba kasafai ake jin waɗannan a bakin masu neman shugabancin ƙungiyar ɗalibai ba.

A halin yanzu ɗalibin da ya samu rancen NELFUND, wanda aka fara bayarwa a 2024, yana karɓar naira 20,000 a wata na ɗawainiya. Daga ciki zai ci abinci, ya hau mota, ya sayi data, ya kuma biya mai tutoriyal kuɗin awar da tun farko tana cikin yunit ɗin da ya yi wa rajista. Bashin zai fara biyansa shekara biyu bayan ya kammala hidimar ƙasa.