TSUFAN ARO: YADDA AKE TSOFAR DA HOTO A KWAMFUTA

Kwanan baya matasanmu suka shirya buga kalanda ta godiyar kaka, suka ce suna son hoton kasuwar auduga irin ta da a saman shafi. Da ba su sami tsohon hoto ba, sai ɗayansu ya ɗauki sabo da wayarsa, ya kai wani shagon kwamfuta a Funtuwa. Kafin a shanye kofin shayi hoton ya koma ruwan ƙasa, gefensa ya cinye, ga kwarzane, ga tabon ruwa, sai ka ce daga ƙasan adakar kaka aka zaro shi.

Aka kawo samfurin gaban dattawa. Kowa na yabawa, sai wani tsoho wanda ya yi dakon auduga a ƙuruciyarsa ya matso da takardar kusa da idonsa, ya ce, "Yara, a zamanin da kuke nufi wa ya ba mu buhun leda? Wancan ƙarfen da ke tsaye bayan rumfa kuma, ba na wayar salula ba ne?" Aka fashe da dariya. Amma dariyar ta bar mana tambaya: in da tsohon nan ba ya wurin fa? Da an buga, an rarraba gida gida, bayan shekara 20 jikokinmu su rantse cewa haka kasuwar kakanninsu take.

YADDA AKE YIN SA

Aikin ba tsafi ba ne. Manhajar Photoshop, wadda kamfanin Adobe na Amurka ya fitar a 1990, ita ce uwar wannan sana'a. Akwai GIMP, wadda kyauta ce, akwai kuma na waya irin su Snapseed. Tun da Instagram ya fito a 2010 da launukansa masu kwaikwayon tsofaffin kyamarori, sha'awar abin ta game duniya.

Mai aikin yakan fara da rage launi, ya mai da hoton baƙi da fari, sa'an nan ya zuba masa ruwan ƙasa. Daga nan sai ya rage kaifinsa, ya yayyafa masa ƙananan ɗigo kamar tsaki, domin tsohon fim ba ya fita sumul. Babban sirrin kuwa shi ne shimfiɗa hoto bisa hoto. Yakan nemo hoton tsohuwar takarda, ko bangon da ya tsattsage, ko kwanon rufi mai tsatsa, ya ɗora a kan na farko kamar yadda ake rufa wa mutum mayafi shara-shara. In tabo yake so, sai ya umarci manhajar ta riƙe duhun shimfiɗar ta watsar da farinta. In kwarzane yake so, sai ya juya umarnin, farin ya zauna, duhun ya ɓace. Ya rage ƙarfin shimfiɗar zuwa kashi 30 ko 40 cikin 100 don kada ta rufe fuska, ya goge ta daga idanu, ya cinye gefuna, ya duhunta kusurwoyi. Shi ke nan, hoton jiya ya yi furfura.

YADDA HOTO KE TSUFA DA GASKE

Tsufan gaske yana da dalili. Hoton baƙi da fari na da, ƙwayoyin azurfa ne a cikin wani danƙo da ake samu daga fata da ƙashin dabba, an shafa a kan takarda. Iska da danshi da farar wuta suna taɓa azurfar, ta dushe, ta yi rawaya. Danƙon kuma abinci ne ga fumfuna da kyankyaso, takardar kuwa ta gara ce. A ƙasarmu ta Funtuwa da Malumfashi, damina takan jiƙa shi ya manne da gilashi, hunturu ya busar da shi ya nannaɗe ya tsage.

Wani abin mamaki shi ne, ruwan ƙasan da muke ɗauka alamar tsufa, sau da yawa da gangan masu hoto na ƙarni na 19 suke yin sa. Sukan tsoma hoton cikin wani magani wanda ke sa azurfar ta fi jure wa zamani. Watau wancan launi maganin tsufa ne, ba tsufa ba. Hotuna masu launi na shekarun 1970 da 1980 kuwa ba ruwan ƙasa suke komawa ba, ja-ja suke yi, don rinin shuɗi-kore yakan riga sauran gudu. Saboda haka duk wanda ya nuna maka hoton bikin 1985 ya rine da ruwan ƙasa ƙirin, to, ka sake dubawa.

ME YA SA ABIN YA DAME MU?

Ado ba laifi ba ne. Bangon littafi, ko fastar wasan kwaikwayo, ko katin gayyata, in an tsofar da su don sha'awa, ba a cuci kowa ba. Matsala tana farawa ne ran da aka rubuta shekarar ƙarya a ƙarƙashi.

Wannan yanki yana da tarihin da ya isa a yi alfahari da shi. Hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta ratsa Funtuwa, ta kai Ƙauran Namoda a 1929. Kamfanin BCGA ya kafa injin gurzar auduga a garin, har yau kuma akwai unguwar da ake kira da sunansa. Gonar irin auduga ta Daudawa ta yi suna a duk Arewa. Shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa, ya zo a tsakiyar shekarun 1970, aka kuma ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Amma hotunan waɗannan zamanai kaɗan ne a hannun talakawa, domin manomi a ƙauyukan Ƙafur ko Bakori ba ya zuwa gidan hoto sai da babban dalili. Inda na gaske ya yi ƙaranci, nan jabu yake samun kasuwa. Hoto guda ya shiga WhatsApp da safe, kafin magariba ya zama shaida. Gobe ana iya fito da irinsa a gardamar iyakar gona, ko ta filin majami'a, ko ta wanda ya fara zama a wuri. Mun saba cewa gani ya kori ji. To, yau ganin ma sai an yi masa tambayoyi.

YADDA ZA KA GANE

Da fari, ka bi hanyar tsohon nan: duba abin da ke cikin hoton, ba launinsa ba. Wayar salula ta shigo Nijeriya sosai a 2001, don haka ƙarfenta ba shi da gurbi a hoton zamanin Sardauna. Haka Keke Napep, da kujerar roba, da ledar ruwa. Na biyu, ka nemi takardar kanta, ka juya bayanta. Tsohon hoto yakan zo da hatimin mai hoto, ko rubutun hannu, kuma inda ya karye a gaba, a nan ya karye a baya. Na uku, in ka ga hotuna biyu da tabo iri ɗaya a kusurwa ɗaya, shimfiɗa ɗaya aka ɗora musu, gama gara ba ta cin takarda biyu da zane guda. Na huɗu, ka tambayi wanda ya kawo: a gidan wa aka same shi?

GA MASU SHAGO DA MASU GIDA

Ku 'yan'uwa masu wannan sana'a, ku riƙa ajiye hoton asali dabam, ku yi aikinku a kan kwafi. In kun tsofar da hoto, ku rubuta shekarar da aka ɗauke shi a ƙasa, ko da ƙananan baƙaƙe ne. Layi ɗaya ne, amma ya raba ado da yaudara.

Mu kuma masu gida, abin kunya ne mu biya kuɗi a tsofar da sabon hoto, alhali na gaske yana ruɓewa a bayan madubi. Hannun da ya iya sa tabo ya iya cire shi. Ku fito da hotunan iyaye, a yi musu sikanin mai kyau, a gyara kwafin, a bar na asali yadda yake. Kada a liƙe shi cikin leda da injin zafi, don ba ya ɓaruwa kuma. A sa shi cikin ambulan, nesa da bango mai laima. Sa'an nan ku zauna da tsofaffi tun suna nan, su faɗi sunayen waɗanda ke ciki, ku rubuta a baya da fensir.

Kalandar matasanmu dai ta fito. Wata gwauruwa ce ta ba da aron hoton mijinta tsaye kusa da sikelin auduga, kusurwa ɗaya gara ta cinye. Mai shago ya ce zai cike gurbin. Ta ce a'a, a bar shi haka.