Iya Ruwa Fid da Kai: Nutso da Tukunyar Iska a Gaɓar Dahab

Dahab ƙaramin gari ne a gabashin yankin Sina'i na ƙasar Masar, a bakin mashigin Aƙaba, wanda reshe ne na Bahar Maliya. Ma'anar sunan da Larabci ita ce zinariya. Wanda ya tsaya bakin ruwa da la'asar zai hango duwatsun Saudiyya a ƙetare, sun yi jajir. Da can zango ne na Larabawan daji 'yan ƙabilar Muzaina, masu kiwon raƙuma da kamun kifi. Yanzu kuwa abin da ke jawo baƙi daga Turai da Rasha da Alƙahira shi ne nutso da tukunyar iska.

Bahar Maliya ba baƙon suna ba ne a kunnen Bahaushe, domin ta nan mahajjatan da suka tafi a ƙasa suka riƙa ƙetarawa daga Sawakin zuwa Jidda. Sai dai su saman ruwan suka sani. Abin da ke ƙasa kuwa, sai bayan 1943 talaka ya samu hanyar ganinsa, lokacin da wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da injiniya Émile Gagnan, suka ƙera na'urar da ke rage ƙarfin iskar da aka matse a tukunya, ta ba mutum daidai abin da ya zuƙa, daidai da matsin ruwan da yake ciki.

A Sharm el-Sheikh, kimanin kilomita 80 kudu da nan, yawancin nutson sai an shiga jirgi. A Dahab a-kori-kura ce ke sauke mutum a bakin ruwa, ya goya tukunyarsa, ya ɗaura ɗamarar darma, ya taka da ƙafarsa ya shiga. Dalili shi ne mashigin Aƙaba tsagewar ƙasa ce mai zurfin da ya wuce mita 1,800 a wasu wurare, saboda haka gaɓar ba ta da doguwar gangara. Taku kaɗan a kan tudun murjani, sai ƙasa ta ɓace ƙarƙashin ƙafa. Waɗannan 'yan takun ma ba wasa ba ne ga mai ɗauke da kaya sama da kilo 20, ga santsi, ga igiyar ruwa, ga iskar arewa da ke kaɗawa a garin kusan kullum. Shi ya sa kowane wurin shiga yake da hanyarsa sananniya, kuma wanda ya san abin da yake yi, tun kafin ya jiƙa ƙafa yake duba ta ina zai fito.

Murjanin nan da mata ke ɗaurawa a wuya, ba dutse ba ne asalinsa, kuma ba tsiro ba. Gidan wasu ƙananan halittu ne masu rai, waɗanda ke gina wa kansu ƙashi a hankali, wasu nau'o'in santimita ɗaya kacal a shekara. Jan murjanin ado ya fi fitowa daga Bahar Rum, amma danginsa ne suka gina katangun da kifayen Bahar Maliya sama da iri 1,000 ke zaune a jikinsu. Akwai wani wuri a arewacin garin inda wasu siraran kifaye masu kamar maciji ke kafa wutsiya cikin yashi, su miƙe tsaye ɗaruruwa suna rausaya kamar gero sabon tsiro. Da mutum ya matso, sai su shige ramukansu ɗaya bayan ɗaya. Akwai kunkurun teku, akwai kifin zaki mai ƙayoyi masu dafi, akwai kuma wanda ya fi shi mugun dafi, wanda ke kwanciya shiru ba a bambanta shi da dutse. Babu ɗayansu da ke farautar mutum. Yawancin raunin da ake ji, mai hannu ne ya kai hannunsa, ko mai ƙafa ya taka.

Baƙo kan fara da tambayar kifin shak. Masu koyar da nutso kuwa ba shi ne ke hana su barci ba. Iskar da ke cikin ƙirjin ɗalibi ce.

Ga yadda lissafin yake. Duk mita 10 da mutum ya nutsa, ruwa na ƙara masa nauyi daidai da na dukan iskar da ke kansa a tudu. A mita 10 matsin ya ninka, a mita 30 ya zama ninki huɗu. Tun 1662 Robert Boyle ya nuna cewa idan matsi ya ninka, iska kan tsuke zuwa rabi. Wannan ne ke sa kunne ciwo tun a mita biyu ko uku, har sai an toshe hanci an hura a hankali. A hanyar dawowa lamarin kan juya: huhun da aka cika a mita 10, idan aka riƙe numfashi aka taso, iskar ciki za ta nemi wuri ninki biyu, huhu kuwa ba balan-balan ba ne. Saboda haka dokar farko da ake cusa wa ɗalibi ita ce kada ya taɓa riƙe numfashi. Mai su a Argungu da ke cika ƙirji a sama ya nutsa ya dawo ba ya cikin wannan hatsarin, don iskar da ya sauka da ita ita ya dawo da ita.

Sai naitirojin, wanda shi ne kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa. A tudu shiga yake ya fita, ba ruwansa da kowa. A ƙarƙashin matsi narkewa yake cikin jini da tsoka. In an taso a hankali, ya fita ta numfashi. In an taso a guje, sai ya yi kumfa kamar lemon kwalba da aka girgiza aka buɗe, kumfar ta toshe jijiya ko ta taru a gaɓoɓi da laka, abin ya kai ga shanyewar jiki ko mutuwa. John Scott Haldane ne ya fitar da jadawalin tasowa mataki-mataki a 1908, kuma har yau agogon kwamfuta da masu nutso ke ɗaurawa a hannu, a kan tunaninsa aka gina lissafinsa. Daga nan aka samo al'adar tsayawa minti 3 a zurfin mita 5 kafin a fito.

Wani halin naitirojin kuma shi ne sa maye daga wajen mita 30 zuwa ƙasa. Mutum ya ji daɗi, ya ga komai sauƙi, hankali ya yi nauyi. An tsayar wa sabon shiga mita 18, wannan mayen kuma yana cikin dalilan da suka sa aka tsayar wa masu nutson nishaɗi gaba ɗaya mita 40.

'Yan kilomita arewa da garin akwai rijiyar da ake kira Blue Hole, rami ne cikin murjani mai zurfin sama da mita 100, dab da titi. Samansa lafiya lau ne, yara ma na iyo a ciki. Amma a wajen mita 55 akwai wata ƙofa mai tsawon mita 26 da ke fita zuwa buɗaɗɗen teku, kuma ita ce ke kiran mutane. A wannan zurfin tukunya na ƙarewa fiye da sau shida da sauri, maye ya riga ya kama, kuma ruwan garau yake har ƙofar ta yi kamar tana kusa. Wanda ya kuskure ta sai ya ci gaba da sauka yana nema. A watan Afrilun 2000 wani matashin mai koyar da nutso, Yuri Lipski, ya rasu a nan, kyamararsa kuma ta ɗauki saukar tasa har ƙasa. Jikin dutsen da ke bakin ramin cike yake da allunan tunawa da waɗanda ba su fito ba. A ganina ramin bai cancanci baƙin sunan da aka ba shi ba, domin masu horo na musamman, da iskar da aka gauraya da hiliyom, suna ratsa ƙofar su dawo.

A Dahab ɗin nan ne kuma Ahmed Gabr, ɗan Masar, ya kai mita 332 a watan Satumban 2014. Saukar ba ta kai kwata na awa ba. Dawowar ta ci sama da awa 13.

Hatsari na ƙarshe yana saman ruwa. Sauti na gudu cikin ruwa fiye da sau huɗu na gudunsa a iska, don haka mai nutso yana jin ƙugin inji sarai amma bai san ta ina yake zuwa ba. Matuƙi kuma, kan mutum a tsakanin igiyoyi bai fi masa girman ƙwarya ba. Wanda ya shiga ta gaɓa ba shi da jirgin da zai tsaya a kansa ya kare shi, sai ya tanadi nasa: wata doguwar jakar roba mai ruwan lemo da yake hura wa iska ya sake ta da zare tun yana mita 5, ta tsaya a sama kamar sanda. Jiragen da ke da mutane a ƙasa kan ɗaga tuta, ko dai mai fari da shuɗi ta dokar teku, ko ja mai farin layi a karkace, ma'ana a rage gudu a kauce. Matuƙin kirki yana kashe farfela kafin kowa ya kusanci tsani, kuma yana ƙirga mutanensa da suna kafin ya tashi. A Disamban 2000, a tsibirin Cozumel na Meziko, mawaƙiyar Birtaniya Kirsty MacColl ta taso daga nutso tare da 'ya'yanta, sai jirgi mai gudu ya shigo wurin da aka keɓe. Ta ture ɗanta gefe, ita jirgin ya buge ta, ta rasu nan take.

Ko an fito an tuɓe kaya, naitirojin bai gama fita ba. Wanda ya yi kwanaki yana nutso, ana so ya jira aƙalla awa 18 kafin ya hau jirgin sama, da yawa ma kan cika yini guda. Dokar ta shafi hawan tsauni. Daga Dahab ake ɗaukar baƙi da dare zuwa Jabal Musa, dutsen da ake dangantawa da Annabi Musa, mai tsayin mita 2,285, don su ga fitowar rana. Wanda ya yi nutso da yamma ba ya cikin wannan tafiyar, sai dai ya zauna bakin ruwa ya sha shayin Larabawa, ya bari sai jibi.